Ƙarin fansho ko sayen fili? Ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ma'aikacin jinya ne a wani asibitin kuɗi a Kano, ban daɗe da kama aiki ba. Bisa dokar fansho ta 2014, ana cire kashi 8 cikin ɗari na albashina, asibitin ya ƙara kashi 10, a zuba a asusuna. Wani babba a wurin aikinmu ya ce in riƙa ƙara na ganin dama a kai tun da sauran ƙuruciya.

To amma tun cire tallafin mai a 2023, kuɗin mota da cefane ke lashe yawancin albashin. Ga haya, ga makarantar ƙannena, ga maganin hawan jinin Hajiya, wanda ba ya jira. Zubin adashi ma da ƙyar nake yi.

Abin da ke hana ni barci, naira kullum darajarta raguwa take. Abin da na tara yau, me zai saya idan na kai shekara 50? Ɗan abin da ke saura, in ƙara a fansho ne, ko in lallaɓa in sayi fili a bayan gari?

Sannan waɗanda suka koma asusun fansho da babu kuɗin ruwa, wanda hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, ta amince da shi a 2021, don Allah yaya ribarsa take?