Ƙanena ya ɗauke ƙafa daga fada don tsoron raini: kunya ce ko ciwo?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ƙanena shekarunsa 27. Ya dawo daga Aljeriya hannu Rabbana, gidan da ya nemi aure kuma suka ba wani. Wata huɗu ke nan bai leƙa fada ba, wato majalisar da samarin unguwa ke zaman hira da shayi. Ko salla sai ya tsallake masallacin ƙofar gida ya tafi unguwar da ba a san shi ba. Cewa yake duk wanda ya dube shi dariya yake mishi a zuci. Ya rame, dare ba barci, abu kaɗan ya hau faɗa. Tsohuwarmu ta ce sammu ne, abokansa sun ce girman kai. Masu sani, da me za mu fara?

Majo:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, kai kuma ya saka maka. Wata huɗu da rama da rashin barci ya wuce kunya. Kunya tana barin mutum ya ci tuwonsa ya yi barcinsa.

Abu biyu ne suke cuɗewa a irin wannan hali. Akwai tsoron idon mutane, wanda ke sa gaba ya faɗi, hannu ya yi rawa, zufa ta karyo da zarar an hango taro. Akwai kuma ciwon damuwa. Ma'auninsa shi ne mutum ya yi aƙalla sati 2, kusan kullum, cikin ƙunci ko abin da yake so a da ya fita ransa, ga canjin barci da cin abinci, kasala, rashin tattara hankali, da ganin kansa ba shi da wani amfani. A wajen maza ba kasafai yake zuwa da hawaye ba. Da fushi yake zuwa, da ciwon kai, da ciwon jiki, da yawan sigari ko tramol, shi ya sa gida ke cewa halinsa ne ya ɓaci. An raine mu a kan ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, sai namiji ya haɗiye har ya fi ƙarfinsa. Mata sun fi kamuwa da ciwon, amma a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya mazan da ke kashe kansu sun ninka mata fiye da sau biyu.

Don haka abin farko yau ne, ba gobe ba. Ku keɓe ku biyu, ka tambaye shi ƙarara: "Ka taɓa jin gara ka mutu? Ka yi tunanin yi wa kanka wani abu?" Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi. In ya ce e, kada ka hau shi da wa'azin wuta a lokacin, zai rufe baki ne kawai. Kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe maganin ƙwari na gona da na ɓera da tarin ƙwayoyi daga gidan, a kai shi babban asibitin ƙasa na Zinder a ranar. In ya ce a'a, ku fara da CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, cikin satin nan. A duba jini da sukari da hawan jini, a dubi maƙoshi, domin ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo da wasu cututtuka masu daɗewa suna kwaikwayon damuwa.

Mushe Zango:
Na yarda da Majo, bari in ƙara kan fadar. Duk ranar da ya hango tabarmar abokansa ya sake hanya, yana samun sauƙi na ɗan lokaci, zuciya kuma ta riƙe cewa gudun ne ya cece shi. Gobe tsoron ya ƙaru. Zaman ɗaki ya yanke mishi hira da labarin aiki, ƙunci ya samu wurin zama, ƙuncin ya sake ce mishi ai ba mai son ganinka. Haka abin ke zagayawa.

Kuskuren da ƴan'uwa ke yi shi ne su ja shi da ƙarfi zuwa ɗaurin aure ko suna wai ya saba. Ya firgita a tsakiyar jama'a, ya sulale, an koma baya. Tsani ake yi. Ku zauna da takarda, shi da bakinsa ya lissafa abu 8 zuwa 10 da yake gudu, kowanne ya ba shi maki daga 0 zuwa 10 gwargwadon faɗuwar gaba. Gaida mai shago wataƙila 3, sallar magariba a masallacin unguwa 5, zama a fada 7, haɗuwa da dangin yarinyar 10. A fara da na 3 ko 4. Ya tsaya a wurin har tsoron ya ragu da kamar rabi, abin da kan ɗauki minti 20 zuwa 30, ya maimaita sau 3 ko 4 a sati kafin a hau na gaba. Kafin ya fita ya rubuta abin da yake zaton zai faru, misali "za su yi min gorin Aljeriya", in ya dawo ya rubuta abin da ya faru da gaske.

Abin da ke ɓata aikin shi ne ƴan dabarun ɓuya. Za ka gan shi a bakin tabarma, kai a sunkuye cikin salula, ko ya karɓe butar shayi yana ta fifita gawayi don kada a sa shi magana. Jikinsa ya zo, shi bai zo ba. Shayin ma a rage: kofin farko mai ɗaci yana ƙara bugun zuciya da rawar hannu, bayan la'asar kuma yana cinye barci.

Mai Farmasi:
In likita ya rubuta magani, galibi amitriptyline ne ko fluoxetine. Na farko akan fara da miligiram 25 da dare a riƙa ƙarawa sannu. Yana busar da baki, ya ɗaure ciki, ya sa jiri da barci, don haka mai kabu-kabu ya faɗa wa likita sana'arsa. Yawansa haɗari ne ga zuciya, kai yayansa ka riƙe kwalin ka riƙa ba shi. Fluoxetine da safe ake sha, miligiram 10 zuwa 20, yakan tada zuciya a kwanakin farko, yakan kuma rage sha'awa. Nan maza da yawa ke yar da shi ba su faɗa wa kowa ba, alhali ana iya canzawa.

Ba ya aiki kamar parasitamol. Sai sati 2 zuwa 4 ake fara ganin haske, wani har 6. Bayan an warke ana ci gaba wata 9 zuwa 12, a janye a hankali da sanin likita. A satuttukan farko a sa mishi ido sosai. Kada a haɗa da tramol, yana iya jawo farfaɗiya. Diyazefam na ƴan tebur ba ya warkar da damuwa, kama mutum yake. In kuma ya taɓa yin kwanaki ba barci ba gajiya, ga surutu da ɓarnar kuɗi, lalle a gaya wa likita, domin wannan wani ciwo ne daban da maganinsa daban.

Ɗan Birni:
Na gode ƙwarai. Na yi mishi tambayar Majo, ya ce bai kai can ba, alhamdu lillahi. Amma asibiti ya ƙi, wai shi ba mahaukaci ba ne.

Hajiya Sabon Gari:
Ɗana, kada ka yi gardama da shi a kan suna. Ka ce za ku je a duba rashin barci da ramar nan, ai gaskiya ce, kuma ka raka shi da ƙafarka. Ita ma tsohuwarku kada a ce mata ba ta san kome ba. Addu'a da tofi su ci gaba, sharaɗi biyu kawai: ba duka ba ɗauri, kuma ba mai cewa a ajiye maganin likita.

Inda na ɗan saɓa da Mushe shi ne, ba dukan tsoron nan ne zato ba. Samarinmu suna da baki, wanda ya dawo ci-rani ba kome ana yi mishi shaƙiyanci da gaske, ana kiransa wasa. Kafin ya taka matakin fada, ka samu mutum ɗaya da ake jin maganarsa a can, ka ce a bar zancen Aljeriya da na aure. Abokin nan ya fara zuwa gida shi kaɗai, ya aike shi wani ɗan aiki, ko rakiya ce zuwa kasuwar Dole. A gida kuma a daina tambayarsa "yaushe za ka koma?" a gaban ƙannensa. A ba shi abin da zai riƙe kullum da safe, ko ban ruwan tumaki ne, a tashe shi lokaci ɗaya, ya fita ya taka na minti 30 kafin rana ta yi zafi.