Masu bugun zuciyar da ba ya bin tsari, wace hanya aka bi da ku?

Baban Yara, Kano: Assalamu alaikum. An yi min ECG, gwajin bugun zuciya, an ce ina da AF, wato ɗakunan sama na zuciya suna karkarwa maimakon su buga daidai. Likita ya ce hanya biyu ce: a rage gudun bugun kawai, ko a yi ƙoƙarin mayar da shi kan tsarinsa. Wanda aka yi wa ɗaya daga ciki, don Allah ya ba mu labari.

Hajiya, Zariya: Wa'alaikumus salam. Allah ya ba da lafiya. Ni rage gudu aka zaɓar min saboda shekaru da hawan jini. Da, ina zaune zuciyata ke kaiwa 140 a minti, ko tsakar gida na share sai haki da jiri. Aka ɗora ni a kan maganin rage gudun zuciya mai suna bisoprolol, likita ya ce in dai tana ƙasa da 110 lokacin hutu, ya wadatar. Na sha kasala da sanyin hannu da farko. Har yau in na dafa wuyan hannuna ina jin tana tsallake, amma ina zuwa kasuwa da ƙafata.

Malam, Maraɗi: Ni kam mayar da ita aka yi. Sai da na sha maganin tsinka jini mako 3, sannan aka sa ni barci, aka manna min faifai biyu a ƙirji aka ba zuciyar wuta. Na farka faɗuwar gaban ta tafi. Amiodarone nake sha yanzu, shi kuma sai ana duba hanta da ƙwayar maƙogwaro (thyroid) duk wata 6. An gaya min tun farko cewa abin yana iya dawowa.

Maman Biyu, Kaduna: Baban Yara, ko wacce aka bi da kai, don Allah kar ka saki maganin tsinka jini sai da izinin likita. AF na ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau 5, saboda jini na kwanciya a zuciya ya yi gudaji ya tafi ƙwaƙwalwa. Yayana da ya ji sauƙi ya ajiye nasa, yanzu hannunsa na dama ba ya riƙe kofi. Ni ƙofar zuciyata ce ta tsuke tun ciwon gaɓoɓi na yarinta, shi ya sa cikin magungunan tsinka jini warfarin nake sha, apixaban ba nawa ba ne. Ana so INR ɗina, wato awon yadda jini ya tsinke, ya tsaya tsakanin 2 da 3. Ba a hana ni zogale da alayyahu ba duk da suna iya shafar aikin warfarin, an dai ce in riƙa ci daidai da yadda na saba, kar yau tuli gobe babu.

Baban Yara: Na gode ƙwarai, Allah ya ba yayanki lafiya. Hajiya, ina da asma, bisoprolol ɗin zai yi min?

Hajiya: Ka fara faɗa wa likitanka wannan, don irinsa na iya tayar da asma. Maƙwabciyata mai asma diltiazem aka ba ta, bayan hoton zuciya ya nuna tsokar tata ba ta yi rauni ba.