Neman shawara: dogayen kalmomin Turanci masu ƙarshe iri ɗaya suna rikita ni

Hafsat:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Don Allah a taimaka min da shawara. Zan zana JAMB a bana, kuma Turanci ne ke ba ni tsoro, tunda shi kaɗai tambaya 60 ne, sauran darussa ukun kuwa 40 kowanne. An turo min jerin dogayen kalmomi a WhatsApp, an kasa su bisa haruffan da suke ƙarewa da su: masu cracy, masu cide, masu phobia. Kullum bayan sallar asuba nake zama hadda, amma da na rufe littafin sai su cakuɗe. Plutocracy da aristocracy, fratricide da regicide, duk ɗaya suke a idona. In ci gaba da haddar ne, ko akwai wata dabara?

Malam Auwalu:
Wa alaikumus salam, 'yata. Turanci nake koyarwa a sakandare, kuma shawarata ki daina haɗiye kalmar gaba ɗaya. Yawancin dogayen nan haɗi ne na gutsattsari biyu ko uku, daga Girkanci ko Latin. Haruffan da kika ga sun yi tarayya ba banza suka zo ba, ma'ana ce suke ɗauke da ita.

Ɗauki cracy. Asalinta kratos a Girkanci, wato iko ko mulki. Duk inda kika gan ta, rabin aikin ya ƙare, saura ki tambayi kanki mulkin su wa? Demos jama'a ne, shi ya ba mu democracy. Theos abin bauta, theocracy mulki da sunan addini. Ploutos dukiya, don haka plutocracy mulkin masu kuɗi. Aristos na nufin mafi kyau, aristocracy kuwa mulkin masu asali, 'ya'yan gidan sarauta. Geron tsoho, gerontocracy mulkin tsofaffi. Ga kalma biyar da gutsure shida kacal.

Cide kuma daga Latin take, ma'anarta kisa. Rex sarki, regicide kisan sarki. Frater ɗan uwa namiji, fratricide kisan ɗan uwa. Genocide ma sabuwa ce, wani lauya ɗan asalin Poland, Raphael Lemkin, ya ƙirƙire ta a 1944 daga genos, wato ƙabila ko jinsi.

Baban Sadik:
Malam ya yi gaskiya. Ni maganin feshi nake sayarwa a kasuwa, kuma cide ɗin nan tana jikin kusan kowace kwalba a shagona. Herbicide na kashe ciyawa, insecticide na ƙwari, fungicide na cutar funfuna. Manomin da bai taɓa shiga aji ba yakan duba farkon kalmar ya san wadda zai ɗauka. Hafsat, ki riƙa karanta jikin kwalabe da kwalaye a gida, ya fi jerin WhatsApp zama a kai.

Anti Rabi:
Ƙanwata, in kin yi Islamiyya to kin riga kin san hanyar. Tuna darasin sarfu: kaf, ta, ba, su ne suka ba mu kitab da katib da maktaba. Ba wanda ya haddace su ɗaya bayan ɗaya, tushen aka kama.

Amma ina so in ja miki kunne, don ba ko'ina dabarar ke aiki ba, kuma masu shirya tambaya sun san wurin da ɗalibai ke zamewa. An koya mana cewa gutsuren in- a farkon kalmar Turanci yana kore ma'ana, kamar incomplete ko invisible. To je ki duba bayan tankar mai. Da jan fenti an rubuta highly inflammable, kuma nufinsu abin yana saurin kama wuta ne. Invaluable ma abu ne mai darajar da ta wuce a yi masa kuɗi, ba marar amfani ba. Coincide ta ƙare da cide, amma babu kisa a cikinta, faruwar abu biyu lokaci ɗaya ce. Ki fasa kalmar ki yi hasashe, sannan ki mayar da ita cikin jimlar ki ga ko ta zauna. In ba ta zauna ba, buɗe ƙamus.

Nura:
Kuma don Allah kada ki ɓata lokaci kan irin kalmar nan mai harafi 45 da ake yaɗawa, pneumonoultramicroscopicsilicovolcanoconiosis. A 1935 aka ƙirƙiro ta a wata ƙungiyar masu wasan kacici-kacici a Amurka, musamman don ta zama doguwa. Sunan wata cutar huhu ce da shaƙar ƙura ke jawowa, amma likitoci silicosis suke cewa. Tsofaffin tambayoyin JAMB za ki nema, ki ga irin kalmomin da ke maimaituwa a ɓangaren ma'ana ɗaya da kishiya.

Hafsat:
Allah Ya saka da alheri, wallahi na ji sauƙi. Malam, gutsure nawa ya kamata in riƙa ɗauka a rana? Kuma phobia fa?

Malam Auwalu:
Biyu sun isa. Ware littafi guda, kowane gutsure da shafinsa. A sama ki rubuta ma'anarsa da Hausa, a ƙasa kalmomin da kika ci karo da su a karatu, kowace da jimlar da kika gina da kanki. Phobia tsoro ne: xenos baƙo, xenophobia tsoro ko ƙin baƙi. Hydro ruwa, ita kuma na bar miki. Gobe ki fara da bene da mal, ki turo mana jimlolinki in duba.