Wane suna za mu ba nauyin da ke kan mai gidan haya idan wani ya ji rauni?

Jama'a, ku taya ni neman kalma. Lauyoyi suna cewa liability, suna nufin nauyin da shari'a ke ɗora wa mai gidan haya idan lalacewar gidansa ta ji wa wani rauni. Abin ba baƙo ba ne a Sakkwato. Ku shiga gidajen haya na Mabera ko Runjin Sambo, za ku tarar da murfin sokawe ya tsage har rodi ya fito, an ɗora masa guntun kwano da dutse, yara na tsallake shi safe da yamma. Ɗan haya ya yi magana, an ce masa a bari sai bayan damina. Ranar da ƙafar yaro ta burma, me za a ce ya hau kan mai gidan?

Yawancin waɗanda na tambaya sun ce alhaki. Kalma ce mai nauyi, amma Bahaushe in ya ce "alhakina na kanka" ya riga ya bar wa Allah, ba kotu ya nufa ba. Ni kuwa ina son kalmar da uwar yaron za ta ji ta san tana da abin nema tun nan duniya. Diyya kuma ita ce kuɗin da ake biya a ƙarshe, ba nauyin da ya jawo biyan ba.

Abin da ya fi kwanta mini a zaurukan karatu na same shi. Malamanmu in sun zo kan kalmar Larabci damanu a littattafan fiƙihu, lamuni suke fassarawa, su ce "ya lamunta". Kuma mas'alar tamu tana cikin Muhtasar na Halilu, littafin fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a garin nan tun zamanin Shehu: katangar da ta karkata ta faɗa wa mutum, mai ita zai lamunta idan an gargaɗe shi kuma yana da halin gyarawa bai gyara ba. Ku dubi yadda aka auna abin. Ba kowace faɗuwa ce ake ɗora masa ba, sai ya sani, ya samu dama, ya yi sakaci. Ingila ma ta daɗe kafin ta iso nan. A 1906 kotunsu mafi girma ta hana wata matar ɗan haya diyya bayan daɓen katakon kicin ya rufta da ita, alhali an yi alkawarin gyara, don kawai ba da ita aka ƙulla hayar ba. Dokarsu ta 1972 ce ta ɗora wa mai gidan da gyara ke wuyansa nauyin kula da duk wanda lalacewar za ta iya cutarwa.

Na san matsalar lamuni. Labaran rediyo sun mayar da ita rance, saboda Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Shi ya sa ba zan bar ta ita kaɗai ba. Shawarata ita ce lamunin sakaci, a cike kuma lamunin sakacin mai gidan haya. Kada a gajarta zuwa "mai gida", mace za ta ɗauka mijinta ake nufi. Ku gwada ta a baki: "An gaya masa sokawe ya tsage bai gyara ba, lamunin sakaci ya hau kansa." Tsohuwa a Gidan Igwai za ta gane, alƙali ma zai gane.

Saura abu ɗaya, kuma malaman fiƙihu da lauyoyin da ke nan nake roƙo, Allah ya gafarta malam. Da yawa daga masu gidajen nan ɗan haya bai taɓa ganinsu ba, dillali ke karɓar kuɗi. In dillalin aka gargaɗa gaban shaidu, shin gargaɗin ya isa ga mai gidan, ko lamunin kan dillalin zai tsaya?