Me za mu kira "asis" in muna ba da labarin Gretzky?

Jama'a, ku kawo ɗauki. Ina neman kalmar Hausa guda da za ta zauna a gurbin "asis", wadda 'yan gidan kallon ƙwallo suka saba da ita. A tamaula ana iya kauce mata, a ce "shi ya ba da ƙwallon da aka ci", a wuce. A wasan hokin ƙanƙara babu wannan damar, domin can da ita ake auna ɗan wasa. A gasar NHL ta Amurka da Kanada, wanda ya ci yana da maki ɗaya, wanda ya yi asis ma maki ɗaya, ba fifiko. Kuma ci guda yana iya ɗaukar asis har biyu, wato abokan wasa biyun ƙarshe da suka taɓa faifan (ɗan faifan roba da ake bugawa da sanda a madadin ƙwallo) kafin mai cin.

Wayne Gretzky ne ya jawo wannan tambayar. An haife shi a Brantford ta lardin Ontario a 1961, ya yi wasa a NHL daga 1979 zuwa 1999, ya ɗauki Kofin Stanley, kofin zakarun gasar, sau huɗu da Edmonton Oilers kafin a sayar da shi ga Los Angeles Kings a 1988. Ya ci 894, ya yi asis 1,963, jimillar maki 2,857. Wanda ke biye masa a maki, Jaromir Jagr, yana da 1,921. Ku duba da kyau: ko da Gretzky bai taɓa jefa faifai a raga ba, asis ɗinsa kaɗai ya fi makin kowa. Ta yaya za a ba da labarin irin wannan mutum ana ta maimaita jimla mai kalma takwas?

Da yawa sun ce "taimako". Ban ƙi ba, amma ta yi faɗi. Mai tsaron raga da ya tare hari ya taimaka, wanda ya bangaje abokin hamayya ya jingina shi da katanga shi ma ya taimaka, kuma ba a rubuta musu komai. In na ce "ya yi taimako 163 a kakar 1985-86", mai sauraro zai zaci ƙungiyar agaji nake magana.

"Fasin" kuwa aro ce ita ma, kuma ba kowane fasin ke haifar da ci ba.

Wani malami ya kawo "miƙo". Allah ya ƙara sani, Malam, kalmar gajera ce, tana da daɗin faɗa, har na so in tsaya a kanta. Matsalarta ita ce tana nuna hannu da hannu, ni na ba ka kai ka karɓa. A hoki kuwa mutum kan buga wa raga, mai tsaro ya kaɗe, faifan ya faɗo gaban wani ya ƙarasa, kuma a rubuta wa na farkon asis alhali bai yi niyyar miƙa wa kowa ba. Sannan mutum na biyu a baya ai ba mai cin ya miƙa wa ba.

Abin da na fi karkata gare shi shi ne "sila". Shi ne silar cin. Ya yi sila uku a wasan jiya. Kalmar ba ta damu da niyya ba, ba ta damu da ko faifan ya bi ta sandar wani ba, abin da take faɗa kawai ta dalilinsa abin ya faru. Ga kuma garaɓasa: asis biyun nan sai su zama silar kusa da silar nesa, ba sai an yi bayani ba. Wata 'yar'uwa ta ce kunnenta ya fi sabawa da sila a labarin hatsari da rasuwa. Gaskiyarki, Hajiya, amma ai muna cewa wane ne silar arzikin wane, ba wanda ya ji wani iri.

Kuma ta dace da yadda mutumin ke wasa. A hoki ragar ba a ƙarshen fili take ba, akwai sarari a bayanta da ake ci gaba da wasa. Nan Gretzky ke laɓewa da faifai, har aka riƙa kiran wurin ofishinsa. Mai tsaron raga ya ba shi baya, 'yan baya sun rasa wa za su kalla, shi kuma yana jiran irin su abokin wasansa Jari Kurri su kutso gaban raga ya zura musu. Tarihinsa na yawan ci ya faɗi a Afrilun 2025, lokacin da Alexander Ovechkin na Washington Capitals ya ci na 895. Na sila 1,963 kuwa ba wanda ya ko kusanto shi.

Ni dai daga yau sila zan riƙa rubutawa. Abin da ya rage shi ne "maki", domin ƙungiya ma tana tara maki a teburin gasa, kuma ba ɗaya suke da na ɗan wasa ba. Wanda ke da kalmar da za ta raba su, bismilla.