Tarin yarona da dare, wai sanyi ne ko ɗakin ne?

Maman Abdul, Aboabo:
Assalamu alaikum yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Yarona shekararsa 5, tun da ruwa ya sauka a watan Afrilu kullum dare sai yayi ta tari har da wani fito a ƙirjinsa kamar kukan kyanwa, da asuba kuma atishawa sai ya jera goma hanci na ta yoyo, amma in ya tafi makaranta ras yake kamar ba shi ba. Abin da ya ɗaure min kai, mun je Tamale wajen kakarsa sati biyu ko tari ɗaya bai yi ba, muna dawowa Kumasi dare na biyu abu ya dawo sabo. Uwar mijina tace sanyi ne, na hana shi ruwan firij, maganin tari kwalba uku muka shanye a banza. Ciki da falo muke haya, bangon bayan gado ya yi baƙi-baƙi yana warin jiƙaƙƙen tsumma, kuma muna kunna koyil saboda sauron gota. Ko akwai wanda ya taɓa ganin irin wannan?

Hajiya Mai Waakye:
Wa alaikumus salam yata. Sannu, Allah ya ba shi lafiya. Ni dai zuma da lemun tsami nake ba jikokina, ki riƙa sa masa rigar sanyi, damina ce haka take.

Nas ta Asawase:
Hajiya Allah ya ƙara girma, zuma tana lafar da maƙogwaro gaskiya ne (banda jaririn da bai kai shekara 1 ba, shi ba a ba shi zuma sam), amma wannan ba na rigar sanyi bane. Maman Abdul ai ke da bakinki kin faɗi amsar, a Tamale lafiya, a makaranta lafiya, sai a ɗakin kwana. To abin yana cikin ɗakin.

Akwai wasu ƙwari a cikin katifa da filo, ba kuɗin cizo ba, waɗannan basa cizo kuma ido baya ganinsu don basu kai rabin milimita ba, ɓawon fatar da ke zuba daga jikinmu shine abincinsu. Kashinsu ne yaro ke shaƙa duk dare hanyar numfashi ta kumbura ta tsuke, fiton da kike ji kenan. Su basa shan ruwa, laimar iska suke tsotsa, shi yasa garinmu da damina aljannarsu ce, inda iska ta bushe kuma basa yawa. Baƙin bangon nan funfuna ce, ita ma tana sakin ƙura mai tayar da asma, haka kashin kyankyaso. Sai ki ɗora hayaƙin koyil a kai, taga a rufe har asuba, haba ƙirjin ɗan shekara 5 ina zai kai wannan kaya.

Zanen gado da rigar filo duk sati ki jiƙa su a ruwan zafi sosai kafin wanki, zafin ya kai digiri 60, ruwan sanyi baya kashe su. Ranar da rana ta buɗe ki fitar da katifa ki bubbuge ta lokacin da baya gida. Shara kuma ki daina yinta a bushe yana ɗaki, tsumma mai laima ya fi tsintsiya. Koyil a daina, a ɗaura gidan sauro. Turaren wuta ma, nasan zaku ce na taɓo inda ba a taɓawa, a yi shi a falo in yaro ya fita a buɗe taga.

Amma duk wannan baya hana zuwa asibiti, ki ɗauki katin inshorarsa ku je asibitin Manhyia tunda kusa ne, a saurari ƙirjin, in asma ce akwai maganin shaƙa kuma ba ya kama jiki kamar yadda mata ke tsorata juna. Tarin da ya wuce sati 2 ana duba tibi (tarin fuka) ma, gwajin kyauta ne. In kika ga haƙarƙarinsa na lotsawa ciki in yana numfashi ko ya kasa haɗa magana, kar ki jira safiya.

Magini ɗan Sawaba:
Yaya, maganar bangon nan aikina ne. In baƙin daga ƙasa ya taso zuwa gwiwa to ruwa ne bulo ke sha daga tushe, in daga sama ne kwano ke yoyo ko ruwan indararo na dukan bangon. Kar ki yarda mai gida ya shafa fenti kawai, wlh wata biyu zai ɓullo, na sha gani. A toshe inda ruwan ke shiga tukuna. Kafin nan ki ja gadon daga bango ko da taƙi biyu ne iska ta ratsa, a goge wajen da bilic da aka sirka da ruwa, taga a buɗe yaro na waje. Kar ki kuskura ki haɗa bilic da maganin wanke masai, hayaƙin da yake fitarwa guba ne.

Hajiya Mai Waakye:
To yan boko kun fi mu. Amma turare kam a bar mana abinmu.

Maman Abdul, Aboabo:
Hhh Hajiya nima turaren ne ya fi min ciwo. Na gode ƙwarai Allah ya saka. Yau na ja gadon, innalillahi abin da na gani a bayansa, kyankyasai har da ƙwayayensu da wata tsohuwar darduma da ta ruɓe, na zubar. Baƙin daga ƙasa ya taso Malam magini, ya kusa gwiwata. Jiya a falo ya kwana cikin gidan sauro babu koyil, ya yi tarin amma sau biyu kawai na tashi. Litinin zamu asibiti in sha Allah. Yanzu saura mai gida, kuɗin shekara biyu muka biya kuma saura wata 14, gyaran irin wannan shi zai yi ko mu zamu yi a cire a haya?