Abin da aka tsayar a fadarmu kan fim ɗin Ingila

Daren Asabar a fadarmu, wato majalisarmu ta hira a Maradi, shayi ya huce ana gardama kan fim ɗin da tashar talabijin ta Ingila, Channel 4, ta nuna a 2021, kashi 5, labarin samari masu neman maza a Landan lokacin da sida ta ɓulla a shekarun 1980. Wasu sun ce a goge shi daga wayoyi. Wani malamin asibiti ya ce a Ingila fim ɗin ya sa mutane tururuwar yin gwajin sida, mu ma mu je, kyauta ne kuma a asirce.

An yarda a sa wa dikoda lambar sirri saboda yara. Idan yaro ya riga ya gani, a zauna da shi, ban da duka. Dattijonmu ya hana nuna ɗan kowa da yatsa a unguwa, kuma nan na fi gamsuwa.